Wasiƙa daga Landan: Labarin 'Yan Ƙwallon Lahadi

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau labarin ƙwallo na kawo, kuma a cikinsa akwai wani abin kunya da na aikata da hannuna. Na ga gara in faɗe shi da bakina da a ji shi a bakin wani.

Kada mai karatu ya ji an ce ƙwallo a Ingila hankalinsa ya tafi ga su Arsenal da Liverpool. Waɗancan sana'arsu ke nan, ana biyansu dukiya mai yawa su buga. Mu kuwa mu ne masu biya don a bar mu mu buga. Ana kiranmu 'yan ƙwallon Lahadi. Leburori ne da direbobi da akawuna da 'yan makaranta, waɗanda kan haɗu unguwa unguwa ko ma'aikata ma'aikata, wasu ma a gidan giya aka haifi kulob ɗinsu. Su kan kara da juna kowace Lahadi da hantsi, tun daga watan Satumba har wajen Mayu. An raba kulob kulob aji aji kamar 'yan makaranta. Wanda ya ci wasa ya sami maki 3, in an yi kunnen doki kowa ya ɗauki 1, wanda aka cinye ya koma gida hannu banza. A ƙarshen shekara na kan gaba a ɗaga su zuwa ajin sama, na can ƙarshe a sauko da su.

Asalin abin daga talakawa ma'aikata ne, gama ran Asabar ko suna wurin aiki ko sun tafi kallon manyan kulob, ba su da ranar kansu sai Lahadi. Amma Lahadi a wurin Turawan da ranar hutu ce da zuwa coci. Saboda haka Hukumar Ƙwallon Ingila, wadda a ke kira FA, ta daɗe tana ƙyamar al'amarin, ba ta amince da shi ba sai a 1960. Da ta ga ba yadda za ta yi, a 1964 har ta sa kofi musamman domin 'yan Lahadi.

Inda mu ke wasa sunansa Hackney Marshes, wata makekiyar fadama ce a gabashin Landan, a bakin kogin Lea. Sa'ad da jiragen Jamus suka yi ta ruwan bom a kan birnin a 1940 da 1941, sai aka riƙa kwaso ɓaraguzan gidajen da suka rushe ana zubawa a nan, har ƙasa ta tashi. Aka baje, aka shuka ciyawa, aka yanka filayen ƙwallo. Watau a bisa gidajen mutane mu ke guje-gujenmu. A shekarun 1950 da 1960 filayen sun haura 100. Yanzu sun ragu, amma har wa yau in ka tsaya nan ran Lahadi da ƙarfe 10 da rabi, iyakar ganinka sandunan gola ne farare jere da juna. Usur na tashi ta ko'ina, har wani lokaci ɗan wasa ya ji na maƙwabta ya tsaya cik, abokin karawarsa ya wuce shi da ƙwallo.

To, kulob ɗinmu ɗaya ne daga cikin waɗannan. Tarin tsintsiya ne: akwai Turawan Ingila, akwai mutanen Jamaika da Gana da Turkiyya da Folan, sai ni kaɗai Bahaushe. Da ya ke gwiwata ta daina yarda da gudu, kuma an ga ina da hannun rubutu, sai aka naɗa ni magatakarda, aka haɗa mini da ma'aji. Sarauta ce wadda ba tambari ba algaita. Ni ke kama fili, ni ke biyan alƙalin wasa, watau rafali, ni ke bin kowa da littafi ina karɓar fam 5 na kowane wasa, ni ke rubuta sunayen 'yan wasa a miƙa wa masu shirya gasa. Riguna kuwa da taɓonsu a gidana su ke kwana, abin da uwargida ta ce za ta yi magana a kansa wata rana.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Bature, tsohon ma'aikacin gidan waya, ni na ke ce masa Baba. Ya daɗe da ajiye takalmi, amma kowace Lahadi shi ke fara isa fili. Shi ke ɗaura raga, ya kafa tutocin kusurwa, ya yanka lemo domin hutun rabin lokaci, sa'an nan ya ɗauki tuta ya yi ta sintiri a gefen fili. Ku riƙe shi a zuci, zan komo kansa.

Sa'ad da annobar korona ta sa aka tsai da wasa a watan Maris na 2020, kulob ɗinmu ya kusa watsewa. An buɗe, an sake rufewa, sai ran 29 ga Maris 2021 aka ba da izini a ci gaba. Ko da muka dawo rabinmu sun tafi, wani ya bar gari, wani ya yi teɓa. Muka yi ta lallaɓawa a ajin ƙasa, yau a ci mu gobe mu ci, ba mai kula da mu.

Ana nan sai shekaran bara wani saurayi ya faɗo mana, ɗan shekara 20, siriri kamar sillen kara. Kai, jama'a, ban taɓa ganin ƙafa irin tasa ba a wannan fadama! Ƙwallo na binsa kamar ya ba ta magani. Kowane saurayi irinsa a nan yana riƙe da labarin Ian Wright, wanda ya yi ta buga ƙwallon Lahadi har ya kai shekara 21 kafin Crystal Palace ta ɗauke shi a 1985, daga baya ya koma Arsenal, har ya buga wa Ingila. Namu ma haka ya ke mafarki. Da zuwansa sai nasara ta zo, da zuwan nasara sai mutane suka zo. Waɗanda da sai an roƙe su, yanzu su ke roƙo. Wata Lahadi sai da na ƙirga mutum 19 suna jiran riga, har aka yi fushi da ni don na bar wasu a gefe. Kuma in faɗi gaskiya, waɗanda na bari a gefe su ne tsofaffin hannu, waɗanda suka sha ruwa da sanyi tare da mu sa'ad da ba mu da komai. Ina so a ci wasa. Aka kuwa ci, muka gama a kan gaba, aka ɗaga mu.

Ashe ajin sama ba wurin wasan yara ba ne. A can kowane kulob yana da irin saurayinmu biyu ko uku. Muka sha kashi sau 4 a jere kafin mu farga. Sa'an nan hunturu ya shigo. Wanda bai taɓa tsayawa a fadamar nan cikin Disamba ba, bai san sanyi ba. Iska na kaɗowa ba abin da ke tare ta, taɓo ya kai idon sawu, wani lokaci ƙasa ta daskare har a fasa wasa bayan mutum ya riga ya hau bas biyu. Nan ne na ga abin da ya kamata in sani tun da farko: wanda nasara ta kawo, rashinta ke mai da shi. Daren Asabar sai wayata ta yi ta ƙara. Wannan ya ce ɗansa ba lafiya, wancan ya ce an kira shi aiki, wani kakarsa ta rasu, kuma bisa lissafina wannan ce kaka ta uku da ya binne a shekara guda. Tsofaffin hannun da na ajiye a gefe kuwa, wasunsu sun riga sun yi zuciya sun daina zuwa. Wa zai ga laifinsu?

Dokar ƙwallo ta ce ba a fara wasa, ba a kuma ci gaba da shi, in ɓangare ɗaya bai kai mutum 7 ba. Kulob ɗin da ya kasa fitowa kuwa a ba abokin karawarsa maki, shi kuma a ci shi tara. Saboda haka ni yaƙina ba a cikin fili ya ke ba, a kan takarda ya ke, ina ƙirga kawuna.

Ran da abin ya faru, wata Lahadi ce cikin Fabrairu, za mu kara da kulob ɗin da mu da su mu ke ƙasan aji, wanda aka cinye ya kama hanyar sauka. Ƙarfe 10 ta yi, mu 10 ne cif. Sai direban da ke tsare mana baya ya jawo ni gefe, ya ce, “Malam, ga ƙanen matata can ya rako ni, ya iya ƙwarai, takalminsa ma na cikin mota.” Na ce ai ba shi da rajista. Ya ce, “Wa zai sani? Kafinta na gida kwance da mura, rubuta sunansa kurum.”

Baba na kusa yana ɗaura raga, ya ji mu. Bai ko juyo ba ya ce, “Ku buga ku 10.” Na ce, “Baba, in aka cinye mu yau mun sauka.” Ya ce, “To, sai me? Mun san hanya.” Ban saurare shi ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta sunan Kafinta, na koya wa yaro sunansa da sunan ubansa, na sa ya maimaita sau uku.

Yaro ya iya, ba ƙarya. Ya jefa ƙwallo biyu a raga, muna gaba da 2 da 1, saura kamar minti 10 a tashi. Sai ya kwashe ƙafar wani. Rafali ya busa, ya zaro katin gargaɗi da ɗan littafinsa, ya ce, “Sunanka?” Yaro ya faɗi sunan Kafinta daidai. Rafali ya ce, “Sunan uba fa?” Sai ya yi shiru, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Can ya juyo wajena, ya ɗaga murya yadda har na filin maƙwabta suka ji, ya ce, “Malam, wa ka ce sunan ubana?”

Ban taɓa jin dariya mai zafi irin ta ran nan ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Masu shirya gasa suka kira ni, na je, ban yi musu gardama ba, gama gaskiya ce da su. Aka zare makin wasan, aka ci mu tara. Har yanzu na kan zauna in yi lissafi: da mun buga mu 10 aka cinye mu, da asarar maki 3 kaɗai muka yi. Da na yi dabara sai muka yi asarar makin, da kuɗi, da mutunci. Kafinta da ya warke ya zo ya same ni ya ce, “Malam, shekara 6 ina buga muku ban taɓa cin ƙwallo ba, ran da na ci biyu kuma ina kwance a gado.” Raha ya ke yi, amma na ga ransa bai so an yi wasa da sunansa ba, na kuwa ba shi haƙuri a gaban kowa. Ƙarshen shekara muka sauka. Saurayinmu ya koma wani kulob mafi girma, na sa masa hannu a takarda da fatan alheri, domin ba nan ne wurinsa ba.

Cikin watan Yuni muka taru a ɗakin Baba don a yanke shawara, ko a ci gaba ko a naɗe tabarma. Na karanta lissafi: akwai bashin fili, akwai sauran tara, akwai kuma fam fam da ke hannun mutanen da ba za mu sake gani ba. Wasu suka ce a haƙura haka nan, kulob nawa suka mutu a fadamar nan ba wanda ya yi musu makoki? Baba ya ce shi bai iya dogon jawabi ba, abu ɗaya ya ke so ya sani, wa zai zo ran da a ke ruwa? Ya ce kada wanda ya ɗaga hannu don kunya. Aka yi jim. Hannu 13 suka tashi, har da na mutum uku daga cikin waɗanda na ajiye a gefe shekaran bara. Ban iya duban idonsu ba.

Aka kafa sharaɗi biyu. Na ɗaya, kowa ya biya kuɗin wata tun a farkonsa. Na biyu, wanda ya zo da wuri ya taya ɗaura raga shi ke fara wasa, kome rashin iyawarsa, gwani kuwa in ya makara ya jira a gefe. Ni dai ina da shakka a kan na biyun, gama na san zai jawo mana shan kashi, amma ba ni da bakin magana. Na ce na ajiye muƙamina saboda abin da na yi. Suka ce ba su karɓa ba. Na zaci ƙauna ce, sai Kafinta ya ce a'a, horo ne, ba wanda zai yarda ya wanke riguna.

Bana mun koma tsohon ajinmu. Wasan farko an ci mu 4 da 1, amma mutum 14 suka fito, kuma kafin ƙarfe 10 raga ta hau. Daga nan mun ci biyu, mun yi kunnen doki ɗaya, an cinye mu uku. Hunturu bai shigo sosai ba tukuna, saboda haka ban yi wa kowa alkawarin kome ba.

Abin da ya dame mu yanzu gola. Namu ya karye a yatsa wurin aiki, Lahadi biyu ke nan direba ke tsaron gida, shi kuwa tsoron ƙwallo ya ke ji. In akwai wani ɗan'uwa mai karanta wannan shafi da ke zaune a gabashin Landan, wanda ya iya kama ƙwallo kuma ba ya gudun taɓo, to, ya aiko ta hannun Edita. Ya zo da fam 5, da takalminsa, da sunansa na gaskiya har da na ubansa.

Wasalam.

Naku,
Magatakardan 'Yan Lahadi, Landan.