Raddi ga Masu Neman a Yanka Burtali

A ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Makoɗa ana yawo da wata magana, wai tunda gonaki sun yi wa jama'a kaɗan, a yanka burtali da hurumin kiwo a raba wa manoma. Hujjojin masu wannan ra'ayi uku ne.

Sun ce abin tarayya ba shi da mai kula, ƙarshensa lalacewa. Garrett Hardin ne ya yayata wannan zance a 1968, Elinor Ostrom kuma ta rushe shi da misalan al'ummomin da suka daɗe suna tsare dazukansu da ruwansu bisa ƙa'idojin kansu, har ta samu kyautar Nobel a 2009. A nan gida ma dagaci da mai unguwa da arɗo sun san iyakar kowane burtali. Inda ya tsuke, garma ce ta ci shi kunya bayan kunya, masu amana suka kau da kai. Ashe sai a halatta wa wanda ya ci abin da ya ci?

Sun ce Fulani kaɗai ke amfana. Subhanallahi! Awakin matan aure da shanun huɗa da jakuna ta ina suke bi zuwa mashaya? Gonakin nan da ake nomawa kowace damina ba hutu, waɗanda Michael Mortimore ya yi nazarinsu tun shekarun 1960, takin dabba ne ya riƙe su.

Ta ukun ta fi ciwo, domin da sunan adalci aka kawo ta, wai rabon zai kai ga talaka. Talakan da aka ba kunya goma, ranar da rumbu ya ƙare zai sayar, filin ya faɗa hannun attajirin birni. Hadisin Abu Dawud ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da Musulmi suka yi tarayya a kansu. A Muwaɗɗa kuma Sayyidina Umar ya umurci mai tsaron hurumi ya fifita masu 'yan dabbobi kan masu manyan garkuna, domin idan dabbobin talaka suka mutu ba shi da madogara. Ko birnin Kano, da matafiyin nan Barth ya zo a 1851, ya tarar da fili mai yawa cikin ganuwa wanda magabata ba su cika da gidaje ba.

Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon filayen karkara. Su fito da hakimai da dagatai, a auna kowane burtali, a kafa masa alama kafin ruwan shuka ya sauka.