Gambo Sawaba ta yi nata, saura mu

Ƴan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, duk wanda ya taɓa kora shanu zuwa kasuwannin Kano ko Zariya ya ji sunan Hajiya Gambo Sawaba. A wannan fitowa muna so mu tuna da ita, domin abin da ta yi yaƙi a kansa yana nan cikin rugagenmu.

An haife ta a Najeriya a shekarar 1933, ta tashi a Zariya. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, karatunta ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13. Tun tana matashiya ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta zama shugabar mata. Gida-gida take bi tana faɗa wa mata cewa suna da hakki. Ta yi magana a kan auren wuri, da aikin tilas, da harajin zalunci, da hana ɗiya mace karatu. Saboda haka an yi mata duka, an kai ta gidan kaso sau 16, amma ba ta yi shiru ba. Matan arewacin Najeriya ba su samu ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Ta rasu a 2001. Allah ya jiƙanta.

Mu a nan Nijar, matanmu sun samu ƙuri'a tun 1956, shekara 20 kafin su. Duk da haka sai a 1989 mata suka fara zama a majalisar dokoki. Ranar 13 ga watan Mayu 1991 mata suka fito zanga-zanga a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, sai da aka ƙara musu kujeru. A 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata kaso cikin muƙamai. Wannan ya nuna mana ƙuri'a kaɗai ba ta isa ba, sai an sami mai tashi ya yi magana.

To, wa zai yi magana da sunan matar ruga? Ita ke tatsa, ita ke tallar nono, ita ke ɗebo ruwa a rijiya mai nisa. In fari ya zo dabbobi suka mutu, ita da ɗiyanta ke fara jin yunwa. Amma ranar da za a zauna kan maganar burtali ko rijiya, babu wanda ke kiran ta.

Wasu za su ce: in ɗiya ta shiga lakkwal, wa zai taya uwarta aiki? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai yarinyar da aka aurar jikinta bai ƙosa ba, ita ce ke doguwar naƙuda nesa da likita, ta tashi da yoyon fitsari, ko a rasa ta gaba ɗaya. Wanne ya fi hasara? Wadda ta yi karatu kuwa ita za ta karanta mana takardar haraji da maganin dabbobi, gobe ta tsaya mana gaban hukuma.

Saboda haka muke kira: mu sa ɗiyanmu mata makaranta, mu jinkirta aurensu har su girma, mu nemi gwamnati ta kawo makaranta kusa da mashekaranmu, kuma kowane reshe na ƙungiya ya ba mata wurin zama da damar magana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya.