Tinariwen: Darasin Da Makaɗan Hamada Ke Koya Wa Mawaƙan Kano

Yau zan ɗan kauce wa musun da muka saba, na wane ya fi wane murya a Kannywood, in ɗauko zancen wata tawagar makaɗa da ta haura shekara 40 tana jan jita, kuma har gobe ba ta watse ba. Sunanta Tinariwen, ta Abzinawan arewacin Mali. In ana lissafin tsofaffin tawagogin kiɗan rok da duniya ta san da su, wannan ce mafi kusa da mu.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Buzaye. Daga nan Soron Ɗinki inda nake rubutu, tafiyar ƙafa ce zuwa unguwar Agadasawa, kuma sunan kaɗai ya isa shaida cewa mu da mutanen Agadas ba yau muka fara ba. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Abzinawa suke ji da shi, marinan Kura sun daɗe suna rina musu shi. Mun san shayinsu, mun san takobinsu, kiɗansu ne kawai muka bari Turawa suka riga mu ganewa.

Ga tarihin a gurguje. Wanda ya kafa tawagar shi ne Ibrahim Ag Alhabib. Yana ɗan yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a boren 1963, ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A 1979 a garin Tamanrasset ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da wasu 'yan uwa biyu, Inteyeden da Liya, suka fara kiɗa a wuraren biki. Samari ne da fari ya cinye dabbobin iyayensu, ba aiki ba takarda. Ana kiran irinsu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. Wato dai 'yan zaman kashe wando, kamar yadda ake yi wa da yawa daga cikinmu gori.

Daga 1980 suka shiga Libiya, lokacin da Gaddafi yake ɗibar samarin Abzinawa yana ba su horon soja. A can suka haɗu da Abdallah Ag Alhousseyni da Keddou da Mohammed Ag Itlale, wanda ake wa laƙabi da Japonais. Ba su da kamfani, ba su da furodusa. Duk wanda ya kawo kaset marar komai sai su naɗa masa waƙa kyauta, kaset ɗin ya bi motocin hamada daga hannu zuwa hannu. Da tawaye ya ɓarke a 1990 wasunsu sun ɗauki bindiga, bayan sulhun 1991 suka ajiye ta suka rungumi jita. Sai a 2001 duniya ta fara jin su sosai, da bikin kiɗan hamada na farko da kuma kundinsu The Radio Tisdas Sessions, wanda aka naɗa a gidan rediyon Kidal. A 2007 su suka buɗe wa Rolling Stones fage a ƙasar Ailan. A 2010 suna cikin waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. A 2012 kundinsu Tassili ya ci kyautar Grammy.

To, a tsakanin masoyansu akwai musu irin namu: wa ya fi? Wasu Ibrahim suke so, mai tulin gashi da murya ƙasa-ƙasa kamar ta wanda ya kwana yana tunani. Wasu sun fi son Abdallah, wanda jitarsa take fita tas, a nutse. Wasu kuma Alhassane ne nasu, dattijon da in ya taka rawa a dandamali sai ka manta shekarunsa. Ni a ganina wannan musun ya kauce wa abin da ya fi muhimmanci. Abin tambaya shi ne, me ya hana tawagar mutuwa?

Ku duba abin da ya same su. Inteyeden ya rasu tun 1994. Keddou ya fita ya kafa tasa tawagar, Terakaft. Japonais ya rasu a 2021. A 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka ƙwace arewacin Mali suka haramta kiɗa, har aka kama ɗaya daga cikinsu, Abdallah Ag Lamida, a farkon 2013 kafin a sake shi. Dole kundinsu na 2014, Emmaar, a Amurka aka naɗe shi. A wannan tsakanin Ibrahim kansa ya dakatar da yawon duniya ya zauna kusa da iyalinsa. Da wata tawagar ce, shi ke nan an tashi. Su kuwa sai suka ɗauko wani matashi da ake kira Sadam, na tawagar Imarhan ta Tamanrasset, ya tsaya a gurbin, aka ci gaba da gashi. A 2023 suka fitar da Amatssou, a shekarar da faɗa ya sake komawa Kidal har sojojin Mali suka karɓe garin a watan Nuwamba.

Sirrin ba wani boyayye ba ne: Tinariwen ba kayan mutum ɗaya ba ce. Tun wajen 2000 dattawan suka jawo yara irin su Eyadou Ag Leche mai jitar bes, da Said Ag Ayad mai ganga, da Elaga Ag Hamid, suka koya musu a aikace. Waɗannan yaran su suka zama ƙashin bayan sautin. Beatles da duk shahararsu sun watse a 1970, saboda in ka cire mutum ɗaya cikin huɗun babu Beatles. Tinariwen kuwa kamar gidan gado take, wani ya tafi wani ya shigo, tukunya ba ta sauka daga murhu.

Kuma gadon ya tsallaka Nijar, har ya taɓo mu. Bombino na Agadas ya taso da kaset ɗin wannan salo, ya kai ga shiga takarar Grammy da kundinsa Deran na 2018. Amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Mdou Moctar. Kun san inda ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008? A Sakkwato! Da salon situdiyonmu, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu a wayoyi ta Bluetooth da memori, har suka faɗa hannun kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Da ya tsaya nan, da ya zama ɗaya daga cikin dubu. Sai ya haɗa tawaga: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, Mikey Coltun a bes. Da su ya yi Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Lokacin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ma suna Amurka suna wasa, rufe sararin samaniya ya hana su komawa gida na wani lokaci. A Yamai kuma ga Tal National, waɗanda Hausa na cikin harsunan da suke waƙa da su, su ma kiɗan hannu suke yi gaba da gaba.

Yanzu mu dawo gida. Abin haushin shi ne wannan tsarin ba baƙonmu ba ne. Dokta Mamman Shata bai taɓa tsayawa fage shi kaɗai ba, da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tafe. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya yi amshi kafin ya ja gaba, kuma bayan rasuwarsa a 1991 zuriyarsa ba ta ajiye kotso ba. Barmani Choge da matanta masu ƙwarya haka suke. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai sanƙira, kowa da aikinsa. In wannan ba tawaga ba ce, to mene ne?

Sai fiyano ta zo. Tun daga shekarun 1990 da finafinan Hausa suka bunƙasa, mutum ɗaya a ɗaki ɗaya da fiyanon Yamaha ya isa ya fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga. Daga baya kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa abin. Ba na raina wannan, wallahi. Shi ya ba ɗan talaka damar yin waƙa ba tare da ya fito daga gidan makaɗa ba, shi ya haifar mana da waƙoƙin da muke so. Amma akwai abin da ya tafi da shi. Yau sau nawa ka je wasa ko biki ka ga mawaƙi ya hau dandamali, DJ ya danna waƙa daga filash, shi kuma yana bi da baki? In wuta ta ɗauke, wasa ya ƙare. Wanda ya buga kiɗan a situdiyo kuwa, sai dai a ambaci sunansa a wutsiyar waƙa, in an ga dama.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne. Mai biki ya fi son biyan mutum ɗaya da DJ a kan ya ciyar da mutum 7. Kayan kiɗa da tsada, wurin atisaye babu, ga lantarki sai a hankali. Ga kuma kallon da ake wa mai kiɗa a garin nan, wanda ba kowane uba zai yarda ɗansa ya rataya jita ko kalangu ba. Duk na yarda. Amma mutanen da muke magana a kansu da gwangwani suka fara, a sansanin gudun hijira, da batirin mota a madadin wuta. Su ma a al'adarsu ba kowa ke kiɗa ba: imzad da tinde na mata ne, molonsu kuma na maƙera. Samarin suka ɗauko baƙon abu suka zuba masa waƙar gida. Talauci uzuri ne, amma bai kai hujja ba.

Abin da ke cikin hatsari a nan ba ƙarami ba ne. Manyan bukukuwan kiɗa na duniya masu kiɗan hannu suke nema, shi ya sa ɗan Agadas yake zaga Turai da Amurka, mu kuma da muka ninka su yawan masu sauraro muke tsayawa a wasan Sallah da taron 'yan uwanmu mazauna waje. Na biyu, waƙar da ke cikin kwamfuta kaɗai ba ta da magaji. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Yau matasa nawa ne a Kano za su iya riƙe kuntigi na minti 10? Ranar da tsofaffin makaɗan kalangu da garaya suka ƙare, sautin da ke cikin fiyano zai zama hoton mamaci.

Ba cewa nake mawaƙanmu su naɗa rawani su koma kwaikwayon Abzinawa ba. Su ɗauki tsarin, ba sautin ba. Mawaƙin da Allah ya ɗaga, ya ware wani abu cikin abin da yake samu ya riƙe makaɗa 4 ko 5 na dindindin: mai kalangu, mai gurmi, mai jita, mai fiyano. Ya sa sunayensu a jikin aiki, ya yi wasa ko sau ɗaya a shekara ba tare da filash ba. Masu shirya fim su gwada ko waƙa ɗaya da kiɗan hannu. Mu kuma masu sauraro, mu ne masu tura waƙa a WhatsApp da TikTok, mu fara tambayar wa ya buga kiɗan, ba wa ya rera kawai ba.

Wanda bai taɓa jin Tinariwen ba, ya fara da kundin Aman Iman na 2007. Ko ba ka jin Tamashek, ka kasa kunne ga tafi da amshi, za ka ji wani abu da ka sani tun kana goye. Daga nan sai ka gaya min: a cikin mawaƙan Kano na yau, wa kake ganin zai iya tara tawagar da za ta rayu bayansa?