Jan Farcen Jel: Kafin Ki Zuba Jarinki, Dubi Fitila Da Bayan Kwalba

Yau maganata da mata ce, musamman waɗanda suka buɗe ɗan shagon kitso da ƙunshi a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, da masu shirin buɗewa. Maza ma kada su ce ba ruwansu, domin sau da yawa daga aljihun maigida ko na yaya jarin yake fitowa.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wata ƙanwata a Agege ta ɗauki kuɗin adashinta za ta sayi kayan jan farce irin na jel, watau wanda ake busarwa da fitila, ya yi mako biyu zuwa uku bai ɓare ba. Ta shiga kasuwa, kowane mai shago ya rantse mata nasa ya fi daɗewa, ta dawo gida kanta a ɗaure. Ni kuwa a ganina daɗewa ita ce tambaya ta ƙarshe da ya kamata mai shago ta yi. Ta fara tambaya tukuna, da wace fitila za a busar da shi, kuma ta yaya za a cire shi.

Kayan nan dai iri-iri ne. Akwai jel mai laushi, irin su Shellac wanda kamfanin CND ya fitar a 2010, da Gelish, da GelColor na kamfanin OPI. Shi ana shafa na ƙasa, a shafa mai launi, a shafa na sama, kowanne a sa hannu cikin fitila, in an tashi cirewa kuma a jiƙa auduga da ruwan asiton a naɗe yatsa minti 10 zuwa 15. Akwai jel mai tauri wanda ake ƙara tsawon farce da shi, wannan asiton ba ya narkar da shi, sai an gurje shi da magogi ko da inji. Sannan ga akirilik, watau garin nan da ake haɗawa da ruwa mai ƙarfin wari, wanda yake sandarewa da kansa ba sai da fitila ba. Ga wadda take farawa, ni mai laushin zan ce ta ɗauka. Injin gurza a hannun ɗan koyo ba ya sanin inda jel ya ƙare farcen mutum ya fara, kuma farcen hannu in ya lalace sai ya yi wajen wata shida kafin sabo ya maye gurbinsa.

To, sai maganar fitila, wadda a nan ne mafi yawan masu shago suke yin kuskure don neman arha. Jel ba ya bushewa da iska kamar fenti. Akwai wani sinadari a cikinsa wanda sai haske iri kaza ya taɓa shi na lokaci kaza sannan ya sandare, kuma kowane kamfani da fitilarsa yake auna nasa. Tsofaffin fitilun kwan UV suna ɗaukar kamar minti 2, na LED kuwa daƙiƙa 30 zuwa 60. Idan kika sayi na ƙasa daga wannan kamfani, mai launi daga wancan, fitila kuma wadda ba a san asalinta ba, sama zai yi ƙyalli ya yi tauri alhali kuwa ƙasa bai nuna ba, kamar ƙosan da aka jefa a mai mai zafin gaske, waje ya yi ja ciki ɗanye.

Ɗanyen jel ɗin nan kuwa ba ɓarewa da wuri kaɗai yake jawowa ba. Cikinsa akwai sinadarai, mafi shahara shi ne wanda ake rubutawa HEMA a bayan kwalba, waɗanda idan suka riƙa taɓa fata sai jiki ya ƙi su, yatsu su yi ƙaiƙayi da kumburi da tsagewa, wani lokaci farcen ya rabu da nama. A 2018 Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan yawaitar wannan cuta. Wanda jikinsa ya ƙi sinadarin ya ƙi shi ke nan har abada, ga shi kuwa danginsa ne ake amfani da su wajen cike haƙori da dashen ƙashin gwiwa ko ƙugu. Daga 2021 Tarayyar Turai ta ce kayan farce masu HEMA sai ga ƙwararrun ma'aikata kaɗai. Kuma ki lura, ke mai shago kin fi kowa shiga hatsari, domin mai zuwa kwalliya sau ɗaya take taɓa shi a mako uku, ke kuwa kullum. Safar hannu ta roba ba ƙyaliya ba ce.

Mu a nan muna da ƙarin matsalar da Bature bai lissafa ba, watau wutar NEPA. Hannu yana cikin fitila a ɗauke wuta, ko janareta ya yi ƙasa, jel ya fito rabi da rabi. Saboda haka fitila mai batir da ake cajawa ta fi ƙarin kwalabe goma na launi amfani. Kada kuma a jera kwalaben a bakin taga don ado, domin hasken rana ma yana sandarar da jel.

Bayan kwalba fa, a karanta shi. A nemi lambar hukumar NAFDAC da jerin sinadarai da ranar lalacewa. Tun ranar 1 ga Satumba 2025 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliya masu sinadarin TPO, saboda gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana iya cutar da haihuwa. Kayan da aka kora daga kasuwa guda, mun san ba teku ake zuba su ba, wata kasuwar ake nemar musu. In kika ga kaya masu babban suna da arhar da ta wuce hankali, to, ki tuna arha ba ta ado. Haka kuma ruwan akirilik mai sinadarin MMA, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tasar wa tun shekarun 1970, yana yin taurin da in yatsa ya bugi wani abu sai ya tafi da farcen gaske.

Yanzu ga abin da mai kantin kasuwa ba zai faɗa miki ba. Yawancin masu shigowa shagonki a Sabo ko Agege masu salla ne, Hausawa da Yarabawa. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa taɓa farce yana hana alwala da wanka inganta. Lalle launi yake bari, ruwa yana wucewa, jel kuwa rufi ne. Matan da suke shafawa, galibi a kwanakin da ba su salla suke yi, watau kamar mako guda su dawo a cire. Ina amfanin mako ukun da kika biya kuɗinsa da tsada? Ga irin wannan mace, jel mai tauri da akirilik wahala ce tsagwaronta, a gurje farce yau a sake gurjewa bayan kwana shida. Abin da ya dace da ita shi ne mai saurin fita, ko jan farce na gargajiya, ko farcen roba na mannawa da za ta cire da kanta. Kuma haƙƙi ne a kanki ki gaya wa amarya wannan kafin ta miƙa hannu, kada zumuɗin biki ya sa ta yi mako biyu tana alwala a kan rufi.

Na san za a ce ai akwai maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba, da ma'aikatan ofis masu son abin da zai daɗe, kuma su ne masu biya da kyau. Gaskiya ne, ban ce a kore su ba. Abin da na gaya wa ƙanwata shi ne ta ɗauki kamfani guda, na ƙasa da na sama da fitilarsa, da launi shida ko takwas da aka fi tambaya, ta gwada a hannun mutum biyu ko uku ta ga yadda ya zauna da kuma yadda ya fita. Sauran kuɗin ta ƙara lalle da asiton da safar hannu. Launi na tara sai ciniki ya saya.