Bayan Alhamdulillahi, akwai bashin mutane

Mako shida na yi a kwance da ƙafar hagu cikin filasta, kuma babu maganar da na ji a tsawon lokacin kamar "ki gode wa Allah". Duk wadda ta shigo dubiya sai ta faɗe ta kafin ta zauna, ta sake faɗa in za ta tashi. Na gode, kuma har gobe ina godiya. Wadda ta faɗa kwata ta fito da karaya ɗaya tak ai ba ta da bakin ƙorafi. Amma kwanciyar ta ba ni lokacin tunani, kuma abin da na fito da shi nake so in faɗa wa 'yan'uwana matan zango, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba. Mun iya godiyar baki ƙwarai. Godiyar da ake biya da aiki ce muka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ni ce ta farko a layin masu laifi.

Da asuba abin ya faru, lokacin hunturu, na fito zan tafi Kejetia sayen zaren ulu don saƙa ce sana'ata. Akwai wani katako da muka gitta a kan kwatar ƙofar gidanmu, kowa a gidan ya san ya ruɓe, kowa yana tsallakawa yana cewa sai an canza shi. Ranar nan ya gaji da jiranmu. Wani yaro mai pragya ne ya ɗauke ni zuwa asibiti, ya tsaya har aka karɓe ni, na miƙa masa kuɗi ya ce, "Haba Hajiya, Allah ya ba ki lafiya," ya ja kekensa. Ko sunansa ban tambaya ba.

Da aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya nuna min cewa ƙashi 26 ne a ƙafar mutum daga idon sawu zuwa yatsu, biyar daga ciki dogaye ne da ke tsakiyar ƙafa, kuma wanda ke bayan ƙaramin yatsa ne ya tsage. Surukata ta so a kira mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, sun yi wa iyayenmu aiki tun ba a san asibiti ba, amma shawarata ga kowa ita ce a fara ganin hoton, a san me ya karye kuma a ina, kafin wani ya sa hannu ya ja. Aka naɗa filasta, aka ce in riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi, kada in jiƙa ta, kuma in na ga yatsun sun canza launi ko sun daina ji in koma nan take. Ma'aikaciyar jinyar da ta ji sana'ata ta kalle ni ta ce, "Mama, ƙaiƙayi zai zo, kada ki kuskura ki zura kibiyar saƙa a ciki." Na yi dariya. A mako na biyu na gane ba wasa take yi ba, sai da na sa 'yata ta kwashe dogayen kibiyoyin daga gefen gado da dare.

Ba zan ja labarin jinya ba. Malami ya koya min shafa a kan filasta wajen alwala, na yi salla a zaune, ni da nake ganin tsofaffi a kan kujera a masallacin mata ina tsammanin abin yana da sauƙi. Maƙwabciyata ta ɗauki girkin yarana mako uku ba ta taɓa nuna gajiya ba. Ƙanwata ta taso daga Tamale ta bar nata gidan. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah, kuma ina kwance nake lissafin yawan mutanen da nake tsaye a kan ƙafafunsu, ba ma a wannan jinyar kaɗai ba.

Abin da ya kai ni ga maganar saƙa yatsuna ne. Filasta takan bar yatsu a waje, kuma sanyin asubar hunturu, ko da na Kumasi ne da mutanen Bolga ke yi wa dariya, yana samun su. Babu safar da za ta shiga. Sai na ɗauki ragowar zare na saƙa musu wata 'yar hula mai igiya da ake ɗaurawa ta bayan dunduniya. 'Yata ta ce, "Umma, koya min." Na buɗe baki in yi bayani, sai na ga ban san me zan ce ba. Shekara fiye da 20 ina saƙa, hannuna ya san hanya, amma bakina bai sani ba.

Goggona ce ta koya min, kuma haka ta koya min: zauna nan, kalli hannuna. Kowane zagayen zare da ke kan kibiya "ido" take ce masa. Saƙa iri biyu ce tushen komai, ta gaba da ta baya, sai ƙari da ragi. Hular jariri kuwa, ta ce, ɗora ido 72. Na faɗa wa 'yata haka, ta ɗora 72, ta yi kwana uku tana fama, hular ta fito za ta shiga kan ɗan wata uku ko huɗu har ta rufe masa ido. Ta yi fushi ta ce ba ta da hannu. Hannunta lafiya lau, koyarwar ce ta gaza. Zaren da Goggo ta saba da shi yana ba da ido 22 a santimita 10, don haka ido 72 ya kama wajen santimita 33, daidai kan sabon haihuwa da yake kusan 34 zuwa 35, tunda saƙa tana miƙewa. Zaren da 'yata ta ɗauka ya fi kauri, ido 18 a santimita 10, sai hular ta tashi santimita 40. Goggo ta san wannan, tana taɓa zare take rage ido ba tare da ta ce komai ba. Ni ma haka nake yi. Babu wadda ta taɓa faɗa a cikinmu, balle ta rubuta.

Daga ranar na sa aka sayo min littafin lissafi mai gidaje irin na 'yan makaranta, na fara rubuta tsarin kowace saƙa da na iya. Sharaɗi na farko a kowane shafi: saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu, ki auna, ki ƙirga ido nawa da layi nawa ke cikin santimita 10, sannan ki fara. Rabin awa ce, kuma tana ceton kwana uku.

Zane ne ya fi ba ni wuya, kuma shi ya fi daɗi. Na so in sa dagi a gaban rigar sanyi ta jariri, na zana shi a takarda ya yi kyau, na saƙa ya fito a baje kamar an zauna a kansa. Dalili shi ne gidan takarda faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne, amma idon saƙa ya fi faɗi a kan tsayi. Inda ido 22 ya cika santimita 10 a kwance, sai an yi layi wajen 30 kafin a cika ta a tsaye, wato kusan layi 4 ga kowane ido 3. Sai na koma ina ja wa kaina gidaje da ma'auni, masu faɗi kaɗan. Na kuma koyi kada zare mai launi ya tsallake ido fiye da biyar ta baya ba a kama shi ba, don yatsan jariri yana maƙalewa a ciki. Wani abin da ya ba ni dariya, ana karanta zanen saƙa ne daga ƙasa, layin farko kuma daga dama zuwa hagu. 'Yata ta ce, "Kamar allo ke nan." Ban sake yi mata bayani ba.

A mako na huɗu Goggo ta zo dubiya, an riƙo ta, don idonta ya yi rauni. Na ce, "Goggo, dunduniyar safar nan da kike juyawa babu ɗinki, yaya ake yi?" Ta karɓi kibiya, hannunta yana rawa, ta yi layi biyu ina kallo ina rubutawa, ta warware, ta sake. Mun kai la'asar kafin na kama. Sai na tambaye ta wata saƙa mai kama da saƙar zuma da ƙawarta marigayiya take yi wa mayafin jarirai. Ta yi shiru, ta ce, "Wannan ta tafi da abinta." A gidaje da yawa na unguwarmu akwai mayafin nan a ƙasan akwati, an yi suna da shi, an gode, an yi addu'a. Babu wadda ta zauna ta ƙirga idon.

Nan ne nake ganin mun gaza. In wata ta ba ki sana'ar da kika ciyar da 'ya'yanki da ita, "Allah ya saka da alheri" wajibi ne, amma bai biya bashin ba. Biyansa shi ne abin ya wuce ta hannunki zuwa gaba, da sunanta a kai. Dubi maƙwabtanmu Asante. Kowane zanen kente yana da suna da ma'ana, masaƙan Bonwire suna iya gaya maka asalinsa, kuma a ƙarshen 2024 UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun da duniya ke tattalinsu. Mu ma muna da aska takwas a wuyan babbar riga, muna da dagi, muna da aikin hula, muna da abin da tsofaffinmu mata suka ƙirƙira da kibiya biyu a tsakar gida. A Amurka wata mata, Barbara Walker, ta tattara ɗaruruwan salon saƙa a littafi a 1968, kuma har yau masu saƙa suna amfani da shi. Yawancinsu ba ita ta ƙirƙiro ba. Ta tattara ne, ta gwada, ta rubuta.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa min. Wata abokiyar sana'a da ta ga littafin ta riƙe baki ta ce, "Ke yanzu abincinki za ki raba wa mutane?" Maganarta ba ta banza ba ce. Kasuwarmu ƙarama ce, kuma duk mai salon da babu mai irinsa ita ake nema ranar suna. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ba maƙwabciya ce ke kashe mana kasuwa ba. Kayan jarirai na kanti da ake shigowa da su da na gwanjo ne, waɗanda ake sayarwa ƙasa da kuɗin zaren da zan saya. Yarinyar da ta ga uwarta tana ɓoye sana'a ba za ta koya ba, za ta je kanti. In mun zama mu goma masu aiki mai kyau da awo iri ɗaya, za mu iya karɓar aikin rigunan sanyi na makaranta guda. Ni kaɗai da sirrina, riga nawa zan gama kafin hunturu ya wuce? Ban ce kowa ta ba da komai kyauta ba. Wadda ta ga dama ta sayar da tsarinta a rubuce, haƙƙinta ne, haka ake yi a wasu ƙasashe. A dai rubuta.

Wata matsalar ta gaske ita ce harshe. Yaranmu a nan Turanci suke karantawa, da Twi ko wani harshen yankin, Hausa kuwa a baki take. Da na ba 'yata shafin farko sai da ta yi ta in-ina a kan ƙ da ɗ. Duk da haka da Hausa na rubuta, domin da ita aka koya min, kuma "ido" da "ragi" sun fi zama a kunnen matan unguwarmu a kan gajerun haruffan da ke cikin bidiyon YouTube. Kowane tsari na haɗa shi da zane, gida fari saƙar gaba, gida mai ɗigo saƙar baya, ta yadda wadda ba ta yi boko ba ma za ta bi. Sauran bayanin kuma ina naɗar murya in tura ta WhatsApp.

An cire filasta, ƙafar ta fito siririya kamar ba tawa ba. An ba ni motsa jiki, in riƙa jawo tawul da yatsu, in zana haruffa a iska da babban yatsa. Har yanzu zaman tahiya yana min ciwo, kuma da yamma ƙafar takan kumbura. Mutanen gidanmu mun haɗa kuɗi an zuba murfin siminti a inda katakon yake, aikin da bai ɗauki yini biyu ba.

Littafin yana da tsari tara yanzu, shida daga ciki da sunan Goggo a sama. Maƙwabciyata na yi wa jikarta riga da hula, ta ce ba za ta karɓa ba sai na koya wa 'yarta, don haka ranar Asabar bayan azahar muna zama a tsakar gidanmu, mu biyar ne zuwa yanzu. Mai pragya ban sake ganinsa ba, duk da na sa yara su riƙa dubawa a tasha. Hularsa tana nan a jaka, ido 120, baƙa da ratsin fari. Shafi na goma kuwa na saƙar zumar nan ne. Na aro mayafi ɗaya daga wata tsohuwa, ina ƙirga idonsa da tsinken allura, na gwada sau huɗu bai fito ba tukuna. In akwai wadda ta koya a hannun masu yin ta, a Aboabo ko Nima ko ina ne, don Allah ta neme ni ta hannun masu wannan shafi.