Ra'ayinmu: Sutudiyo ya shigo aljihu, to wa zai ɗauki labarin Collire?

Kwanakin baya na je Collire, babban garin Mayo-Rey, gaisuwa. Da yamma wani ɗan ƙanena ya ja ni bayan kasuwa, wai in zo in ga sutudiyonsu. Ɗan shago ne da ake sayar da hatsi a da. Sun rataya koren yadi a bango, sun lilliƙa kwalin ƙwai don kada murya ta yi amo, ga fitila mai zagaye, ga waya a kan sanda mai ƙafa uku, ga batirin sola a lungu. A nan suke ɗaukar barkwanci da tallan 'yan kasuwa su ɗora a TikTok da Facebook. Na yi dariya a lokacin, amma da na dawo Garwa abin ya tsaya mini a rai. Abin da gwamnatoci suka zuba maƙudan kuɗi kafin su mallaka, yau ga shi a hannun yaran da ba su kai shekara 25 ba.

Talabijin ya makara a Kamaru. Ibadan ta buɗe tasharta a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962. Mu kuwa sai a watan Maris na 1985 muka ga hoton farko, daga babban taron jam'iyya mai mulki a Bamenda. A 1987 aka haɗe rediyo da talabijin aka samu CRTV, kuma cibiyar ɗaukar shirye-shirye ta zauna a Mballa II, cikin Yawunde. Garwa tana da gidan rediyo tun 1958, inda iyayenmu suka saba jin Fulatanci da Hausa. Wato muryarmu ta daɗe tana fita daga gida, amma fuskarmu sai an kai ta kudu.

Sutudiyon wancan zamani ba wasa ba ne. Manyan kyamarori da ake turawa a kan taya, fitilun da ke sa mutum gumi ko da sanyi, ɗakin sarrafa hoto da sauti, injiniyoyi, da tarin kaset. Tsadar kayan ce ta sa gwamnati kaɗai ke iya riƙe shi, kuma mai riƙe da makullin shi ke zaɓar wanda ƙasa za ta gani. Mutumin Collire da ke son shiga wannan ɗaki sai ya hau mota zuwa Ngawundare, ya kwana a jirgin ƙasa kafin ya iso Yawunde, sannan ya yi magana da Faransanci ko Turanci. A shekarar 2000 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, aka samu irin su Canal 2, STV da Équinoxe. Madalla. Sai dai manyan ɗakunansu su ma a Duwala suke.

Ba mamaki ke nan da muka juya tauraron ɗan'adam ɗinmu zuwa Najeriya. Can, ɗakunan talabijin na Kaduna ne suka fitar da Samanja da Ƙasimu Yero. Kano ta kafa tasharta ta jiha, CTV, a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka goge a irin waɗannan wurare ne suka ɗauki kyamarar bidiyo suka fita titi, har aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, aka haifi Kannywood. Arewa24 ta zo a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, yanzu kuma ana bin Izzar So da Labarina ta YouTube. Muna kallo, muna jin daɗi, ba ma musu. Amma yaranmu sun fi sanin unguwannin Kano a kan tarihin Rey Buba, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ko a Turai babban sutudiyo ya sauya aiki. Cibiyar talabijin ta BBC a Landan, wadda aka buɗe a 1960, an sayar da ita a 2012. Yawancin ginin ya koma gidajen kwana da ofisoshi da otal, ɗakunan ɗauka uku da suka rage kuma haya ake ba da su, har abokan hamayyar BBC na shiga su yi shiri su biya. Mu ma mun ga wani salon a gida. A watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, duniya ta kalli Najeriya ta doke Masar da ci 1-0 daga filin Roumdé Adjia na Garwa. Ba a gina wani katafaren ɗaki don haka ba, da kayan aiki na tafi-da-gidanka aka yi. Gasa ta ƙare, aka naɗe wayoyi.

To, uzurin rashin ɗaki ya ƙare. Amma kada mu ruɗi kanmu. Tsohon sutudiyo, duk da laifinsa na rufe ƙofa, yana da abu uku da shagon koren yadi ba shi da su: edita mai tambayar "ina ka samo wannan labari?", horo daga waɗanda suka daɗe a aiki, da ma'ajiya. A yanki irin Mayo-Rey, inda rikicin manoma da makiyaya da satar mutane don kuɗin fansa ba baƙon abu ba ne, bidiyo ɗaya da ba a tantance ba ya isa ya tada ƙura tsakanin maƙwabta. Mu da muke 'yan tsiraru mun fi kowa sanin yadda laifin yaro ɗaya ke zama laifin al'umma. Batun ajiya kuma, waya ta faɗa ruwa ko a rufe maka shafi, shi ke nan aikin shekara biyu ya tafi.

Kuma akwai abin ajiyewa. A faɗa wa baƙo Collire, abin da zai tuna shi ne kurkukun 'yan siyasa na zamanin Ahidjo, ko giwayen da mafarauta suka karkashe a dajin Buba Njida a 2012. Duk gaskiya ne, amma wasu ne suka ba da labarin. Wa ya ɗauki tsohon da zai faɗi yadda kakanninmu fatake suka iso nan? Wa ya ɗauki mahauta, da dillalan shanu, da matan da suka riƙe gida da tallan ƙosai? Kullum ana binne su, kowa da abin da ya sani.

Kiranmu kashi uku ne. Ga hukumar CRTV: ma'aikatan arewa ma ana cire musu harajin gidan rediyo da talabijin daga albashi, don haka a buɗe tashar Garwa ga matasa, a horar da su, a ba su haya cikin rahusa, a kuma mayar da tsofaffin faya-fayen Hausa da Fulatanci cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye su. Ga attajiranmu: ɗaki ɗaya a Garwa mai kyamara biyu, makirfo mai kyau, sola da ma'ajiya, bai kai kuɗin babbar mota ɗaya ba. Ku haɗa hannu ku kafa shi, a sa gogaggen ɗan jarida ya riƙe. Ga matasa kuma: ku ci gaba da barkwanci, ba laifi, amma duk labarin da ya shafi rai ko mutuncin wani, ku ji daga ɓangare biyu kafin ku ɗora.

Ni dai na yi wa ɗan ƙanen nan alkawari. In na koma Collire, za mu ɗauki wayar da sandarta mu je zauren wani dattijo da ya haura shekara 80, wanda ya yi fataucin goro tun yana saurayi. Zan yi tambaya, shi ya ɗauka, mu ajiye kwafi a wuri uku. Allah ya sa mu same shi da rai da lafiya.