An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Masu Kallo da Rigimar Sumayya

Tun daga shekarar 2020 da tashar Arewa24 ta fara nuna shirin Labarina na Aminu Saira, da wuya a sami wasan kwaikwayon Hausa da ya jawo ka-ce-na-ce kamarsa. Daga teburin mai shayi a nan Dayi, zuwa tashoshin mota na Malumfashi da Funtua, har cikin ɗakin malamai na makarantunmu, kowa ya zama alƙali. Wannan abin farin ciki ne ga duk mai kishin adabi, domin kuwa labarin da ya hana manomi barci bayan ya wuni a gonar masara, lalle ya taɓa wani abu a zuciyarsa. Abin da ya dame ni shi ne irin shari'ar da waɗannan alƙalai suke yankewa, da kuma wadda suke gurfanarwa.

A shekarar 2022 Nafisa Abdullahi, wadda ta fito a matsayin Sumayya, ta janye daga shirin, aka ba Fati Washa gurbinta. Nan take gari ya rabu biyu. Wasu suka rantse sun bar kallo ke nan, wasu suka ce gara da aka yi haka. To amma mai karatu ya tuna hujjojin da aka riƙa kawowa. Wace ce ta fi kyau? Wace ce ta fi iya ɗaura ɗankwali? Wa ya ɓata wa wa rai a bayan fage? Aka kwashe makonni ana tona rayuwar mata biyu, ana ƙirƙiro musu faɗan da babu wanda ya shaida, alhali kuwa labarin da ya tara jama'ar yana gefe babu mai waiwayarsa. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Sumayya ba ta Nafisa ba ce, ba kuma ta Fati ba ce. A kan takarda aka haife ta. Ibrahim Birniwa ne ya rubuta zangunan farko na shirin, daga baya alƙalamin ya koma hannun Yakubu M. Kumo. Ka tsayar da mai wannan hayaniya ka tambaye shi sunan marubucin, sai ya hau sosa ƙeya. An sauya fuska, duniya ta ɗauka. An sauya mai alƙalami, wato wanda ke yanke abin da Sumayya za ta faɗa da abin da zai same ta, ko tari ba a yi ba. Ina jin babu wulaƙancin da ya kai wannan ga mu masu rubutu, kuma abin mamaki, har da marubuta a cikin masu musun ɗankwali.

Labari mai sarƙaƙiya, irin wanda ke riƙe mutum da zulumin abin da zai faru mako mai zuwa, bashi ne marubuci ya ci a wurin mai kallo. Ya ƙulla ƙulli, ya yi alkawarin kwancewa. Sharaɗin sana'ar shi ne ya shuka alamu tun da wuri, a gaban idon kowa, ta yadda ranar da asiri ya tonu mai kallo zai dafe kai ya ce, ashe an nuna mini ban lura ba. A Amurka, a shekarar 1980, shirin Dallas ya bar jama'a tun daga watan Maris har Nuwamba suna tambayar wanda ya harbi J.R. Wata takwas ana lissafin waɗanda ya zalunta, ana auna dalilin kowa, kafin a gano ƙanwar matarsa ce. Musu ne a kan labari. Irin tambayoyin da suka kamata mu yi wa Labarina da takwarorinsa irin su Kwana Casa'in ke nan. Shin ƙullin da aka ƙulla an kwance shi da gaskiya, ko kuwa an yanke shi da wuƙa don an gaji? Shin halin mutum ya sauya ne bisa dalili, ko don ɗan wasa ya tafi? Shin wannan fitowa ta ciyar da labari gaba, ko an ja ta ne don a sami wurin cusa talla, a kuma ƙara yawan masu kallo a YouTube? Duk wanda ya kalli shirye-shiryenmu masu dogon zango ya san akan miƙa abin da zai ƙare a mako huɗu ya kai goma. Mai kallon da ya shagala da fuska ba zai taɓa neman a biya shi wannan bashi ba, mai shiri kuwa ya san haka.

Za a ce mini ai mutum ya shekara biyu yana ganin fuska ɗaya, dole ya saba da ita. Haka ne, sabo turken wawa, in ji Bahaushe. Ban hana a auna 'yar wasa ba. A auna ta a kan aikinta. Shin kukanta ya sa ka yarda an cuce ta? Shin shirunta ya faɗi abin da baki bai faɗa ba? Mu malamai mun san wannan tun a aji. Duk shekarar da muka shirya Uwar Gulma na Mohammed Sada, yarinya daban ce ke fitowa a Halima. Wata ta fi wata, amma babu ɗalibin da ya taɓa cewa Halima ta mutu don wadda ta yi ta bara ta gama makaranta.

Wannan rashin bambance 'yar wasa da rawar da ta taka ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Wadda ta fito a muguwar kishiya sai a tsine mata a kasuwa. Wadda ta fito a ta gari sai a ɗora mata rawanin waliyyai, ranar da ta furta ra'ayinta na kanta a ce ta ci amana. Namiji kuwa ya fito a ɓarawo yau, gobe ya fito a liman, babu mai bin sa gida. 'Ya'yanmu mata suna ji, iyayensu ma suna ji. Shi ya sa a makarantun karkara irin namu uba kan aiko a cire 'yarsa daga ƙungiyar wasan kwaikwayo, har ta kai mu ɗaura wa yaro namiji zane da gyale ya fito a uwa. Al'ummar da ke son ganin mata a allo, amma take jifan duk wadda ta hau, da wane baki za ta yi kukan rashin ƙwararru?

Laifi mafi girma namu ne, mu 'yan ƙungiyar marubuta. A shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan soyayya sunan Adabin Kasuwar Kano, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka shigo fage, an yi zafi ƙwarai, amma a rubuce aka yi, a kan littattafai, da hujja. Wannan musu ya sa jami'o'i suka fara ɗaukar waɗancan littattafai da muhimmanci. Yau ga adabin da ya fi kowane littafi shiga gidaje, mun naɗe hannu mun bar sharhinsa ga masu tsegumi.

Shawarata ga wannan mujalla ita ce ta ware shafi a kowace fitowa don feɗe shiri guda: a ambaci marubucinsa da suna, a bi zaren labarinsa, a yaba inda ya yi daidai, a nuna inda ya yaudari mai kallo, a auna 'yan wasa a kan abin da suka yi gaban kyamara, a bar musu abin da ke tsakaninsu da Mahaliccinsu. Wanda bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki, ya ɗauko alƙalami. Allah Ya sa mu dace.